Wasan Ban Kwanan Alfadari

Eusebio Carrizo ya shekara goma sha shida yana yawon duniya da jakar raket, abin buga ƙwallon tanis, a kafaɗa, kuma iyakar inda ya taɓa kaiwa a jerin 'yan tanis na duniya shi ne na ɗari da tamanin da uku. Mako biyu ya yi a wurin, ya fara gangarowa. Abokan wasa Alfadari suke ce masa, don ba shi da wani bugu mai burgewa ko ɗaya, sai dai ba ya gajiya. Ka buga masa ƙwallo sau arba'in, sau arba'in zai dawo maka da ita, har ranka ya ɓaci ka zuba ta a raga da kanka.

Yana da shekara talatin da biyu aka yi wa gwiwarsa ta hagu aiki na biyu. Daga nan ya tattara ya dawo garinsu Tucumán, ya koma kulob ɗin tanis da aka haife shi a cikinsa. Mahaifinsa, Rufino, shi ne mai gyaran filaye har ya mutu, yana jan tsintsiya a kan jar ƙasa yana ba ta ruwa safe da yamma. Mahaifiyarsa, Doña Petrona, har yanzu tana zaune a 'yan ɗakuna biyun da ke bayan fili na shida, tana soya empanada, wani irin fanke mai nama a ciki, tana sayar wa direbobin da ke jiran iyayen gidansu a bakin ƙofa.

Kulob ɗin na Don Casimiro Arrieta ne, mai gonakin lemon tsami da ba a iya zagaye su a yini ɗaya. Shi ya ɗauki Eusebio aiki ya riƙa bugawa da ɗansa Benicio kowace safiya. Benicio dogo ne, kyakkyawa, ga hannun dama mai ƙarfin tsiya. Tun yana ɗan shekara goma ubansa ya gama yanke cewa zai shiga sahun goman farko na duniya, ba a tambayi yaron ba. Shekara biyu suka yi suna bugawa tare. In sun gaji sukan zauna a inuwa suna miƙa wa juna ƙoƙon shayin mate, kuma a nan ne Benicio yake sakin baki.

"Tsoho, in gaya maka wani abu ba za ka yi dariya ba?"

"Faɗi, in ya cancanci dariya zan yi."

"In Baba ya yi tari a cikin 'yan kallo, ko mutum dubu ne a wurin ina gane nasa. Da na ji, hannuna ya mutu. Ko sabis, bugun farko da ake sako ƙwallo da shi, sai in ji kamar ban taɓa koyo ba."

Ya gaya masa yana amai kafin kowane wasa. Ya gaya masa ƙwallo mai tashi sama ta gefen hagunsa ita ce abin da ya fi tsana a duniya, wani lokaci har mafarkinta yake yi. Eusebio yana saurare yana gyaɗa kai. Wani sa'in ya dafa ƙeyarsa ya ce kowa da nasa.

A shekarar da Benicio ya cika goma sha takwas, Don Casimiro ya sayo wa kulob ɗin gasar ƙwararru, ta mako guda a watan Nuwamba, da 'yan wasa daga ƙasashe goma sha ɗaya. Aka yi fenti, aka kafa kujeru dubu biyu a babban fili. Saura kwana biyar a fara ya aika a kira masa Eusebio, shi kuma ya je ya same shi a barandar kulob yana yanka gasasshen nama.

"Zauna mana, ɗan Rufino. Kai kullum a tsaye kamar wanda ya kawo saƙo."

Ya zauna a bakin kujera.

"Ina da katin gayyata guda biyu, waɗanda nake ba wanda na ga dama ya shiga gasa ba tare da matsayinsa ya kai ba. Ɗaya na Benicio ne. Ɗayan naka ne."

"Nawa, ranka ya daɗe?"

"Naka. Ɗan gida ba zai ajiye raket a ɓoye kamar ɓarawo ba. Za ka yi wasan ban kwana a babban fili, tsohuwarka a kujerar gaba. Bayan wasa in miƙa maka allon girmamawa, in kuma sanar cewa kai ne shugaban makarantar yara ta kulob daga Janairu. Albashi, mota, komai."

Eusebio ya ji idonsa ya yi zafi. Bai taɓa wasan ƙwararru a garinsu ba, mahaifiyarsa ba ta taɓa ganinsa a fili ba sai a waya.

Ranar Asabar aka jefa ƙuri'ar haɗa 'yan wasa, a ofis, ƙofa a rufe. Da aka liƙa takarda sai ga Carrizo da Arrieta a layi ɗaya, ranar Talata da yamma. Don Casimiro ya sami Eusebio a gaban takardar ya rungumo kafaɗarsa.

"Ka ga ikon Allah! Malami da ɗalibi. Kuma ranar ce mutanen kamfanin kayan wasa za su sauka daga Turai su ga yaron, ga talabijin." Ya rage murya. "Yaya gwiwar? Kowa ya san ba ta da lafiya. Ba wanda zai ga laifinka in ta hana ka gudu."

"Na gane, maigida."

"Na san ka gane. Ubanka ma ba a faɗa masa magana sau biyu."

Kuma Eusebio ya yarda. Ba shi ne na farko da aka yi wa irin wannan ba, ya ga an yi a wurare da yawa. Shekararsa talatin da huɗu, ba shi da gida, ba shi da mata, ga aiki har da mota. Ya kwana biyu yana shirya yadda zai faɗi cikin mutunci.

Ranar Litinin da hantsi yana zaune a ɗakin canja kaya yana naɗe gwiwa, Benicio ya shigo da fara'arsa, sanye da sabuwar riga fara sol. Ya zauna kusa da shi.

"Tsoho, Baba ya gaya mini. Na gode, wallahi."

"Ba komai."

"Amma don Allah kada ka sa abin ya fito fili. Ka ci wasa uku ko huɗu a kowane zango, zan sassauta maka. Ni ma ba na so ka ji kunya a gaban Doña Petrona." Ya yi dariya ya bugi cinyarsa. "Ai ni na ce wa Baba bai ma kamata ya wahalar da kansa ba. Ko ba ka bari ba ai zan ci ka, ka san haka, na san haka. Shi ne dai ba ya son ganganci."

Babu mugunta a muryarsa ko kaɗan, da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya tashi ya fita yana fito. Eusebio ya daɗe a zaune da bandeji a hannu. Da ya fito ya bi ta ofis karɓar takardar shiga ta mahaifiyarsa, sai ya hangi allon girmamawar jingine da bango. An riga an zana kwanan watan Talata a jiki, an kuma rubuta sunansa Carrizo da harafin r guda ɗaya maimakon biyu.

Bai yanke wata shawara ba a ranar. Ko a safiyar Talata, da Doña Petrona ta sa rigarta ta zuwa coci ta tambaye shi ko takalminta bai yi tsufa da kujerar gaba ba, bai san me zai yi ba. Sai da suka shiga fili, mai sanarwa ya ja sunan Benicio kamar zai tsaga lasifika, mutum dubu biyu suka miƙe, sannan ya ambaci nasa a taƙaice ya ƙara da cewa yau yake ban kwana, sai ya ji zuciyarsa ta ƙeƙashe, kamar yadda yake ji a da in zai yi wasa da wanda ya tsana.

Benicio ya ci wasan farko da sabis huɗu masu ƙarfi. Fili ya ɗauka da tafi. A wasa na biyu Eusebio ya ɗaga masa ƙwallo sama ta gefen hagu, mai juyi, ta dira ta tashi har ta wuce kafaɗarsa. Benicio ya mayar da ita da ƙyar. Ya sake ɗaga masa. Ya sake. A ta bakwai yaron ya buga ta waje da taku uku, ya ɗago ya dubi Eusebio yana murmushi, kamar mai cewa wasan kwaikwayon ya yi kyau. Eusebio bai mayar masa da murmushin ba.

Aka yi biyu da biyu. Daga nan Eusebio bai ƙara ba shi ƙwallo ɗaya a hannun dama ba. Sama, hagu, sama, hagu, in yaron ya ja baya har jikin allunan talla sai ya ajiye masa gajeriya a bakin raga, in ya zo a guje yana zamewa, sai Eusebio ya ɗaga ta ta saman kansa. Farar rigar ta koma ja. Gwiwar tana yi wa Eusebio kamar ana soka ƙusa, amma ƙafafunsa suna kai shi ko'ina tun kafin ƙwallo ta isa, don ya san inda kowace za ta faɗi. Shekara biyu yana karanta hannun nan.

Da aka kai uku da biyu suka zo canjin gefe, suka gifta juna a bakin raga.

"Tsoho, ya isa haka," in ji Benicio ƙasa-ƙasa. "Ka ci ukunka."

Eusebio yana goge fuska da tawul ya ce, "Babanka ya yi tari sau biyu. Ba ka ji ba?"

Yaron ya tsaya cak, ya waiwaya wajen kujerun manya. Don Casimiro yana zaune tsakanin Turawa biyu, hannu a harɗe. Bai yi tari ba. Amma da Benicio ya zo yin sabis ya jefa ƙwallo sama ya kama, ya sake jefawa ya kama, sannan ya zuba biyu a raga, maki ya tafi a banza. Ya sake zuba biyu. A lokacin ne uban ya yi tarin da gaske, guda ɗaya, busasshe, kuma Eusebio ya ga kafaɗun yaron sun zube.

Zangon farko ya ƙare shida da biyu. Benicio ya nemi izinin alƙalin wasa ya shiga bayi, ya dawo fuskarsa ta yi fari fat, gaban rigarsa a jiƙe. Eusebio ya san abin da ya je yi.

'Yan kallo sun fara juyawa. Matan da ya koya wa 'ya'yansu riƙon raket suna yi masa ihu.

"Kai gurgu, ka ji kunya mana!"

"Ɗan mai shara! A gidan wa ka ci ka girma?"

"Buga ƙwallo irin ta maza, ba ta tsofaffin mata ba!"

Ya ji su sarai, kuma kowace kalma ƙara masa nutsuwa take yi. A canjin gefe na gaba ya rage tafiya har kafaɗarsu ta gogi juna.

"Leƙa ka gani. Turawanka waya suke dannawa."

"Don Allah, Eusebio," in ji yaron. Bai taɓa kiran sunansa ba sai ranar. "Wasa ɗaya kawai. Ɗaya."

"Je ka yi sabis, ana jiranka."

Bai ba shi ɗayan ba. Da aka kai biyar da babu, Benicio yana tsaye can bayan layi yana kuka a fili, yana share majina da hannun riga, mai ɗaukar hoton talabijin ya kafa masa na'ura a fuska. Saura maki ɗaya, sabis na hannun Eusebio. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau uku, ya dubi yaron da ke nesa bai ma ɗago kai ba, sai ya buga ta daga ƙasa a hankali, irin sabis ɗin da ake yi wa yara 'yan shekara biyar. Ta haye raga ta yi tsalle biyu ta mirgina. Benicio ko motsi bai yi ba.

Ihun da aka yi wa Eusebio har tsuntsaye suka tashi daga itatuwa. Wani ya jefo gorar ruwa. A bakin raga Benicio ya miƙo hannu, sanyi ƙalau, jiƙe da gumi.

"Me na yi maka?"

Eusebio ya saki hannun. "Ba komai," ya ce.

Ba a miƙa allo ba, mai sanarwa ya saka kiɗa. Doña Petrona ta riga ta bar kujerarta tun tsakiyar zango na biyu.

Da ya yi wanka ya fito ta ƙofar baya, wajen ajiye motoci, rana ba ta ƙarasa faɗuwa ba. Ya hangi uban da ɗan a jikin wata baƙar mota. Don Casimiro ba ya ɗaga murya. Ya zaro raket ɗaya daga jakar yaron ya miƙa wa direba, ya zaro wata ya miƙa wa mai gadi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har shida, ya rabar wa duk wanda ke tsaye a wurin, yana cewa su kai wa 'ya'yansu, ko cikinsu akwai namiji. Sannan ya shiga mota ya ce direba ya ja. Benicio ya rage a tsaye da jaka fayau. Ya juyo suka haɗa ido. Eusebio ya sauya hanya ya bi ta bayan filaye.

Ya sami mahaifiyarsa zaune a bakin gado, ba ta cire rigar coci ba.

"Na ci, Mama."

"Na gani." Ta ɗago ta dube shi. "Yaron nan a ɗakin nan yake ɓuya in ubansa yana nemansa. A kan kujerar can yake cin abinci. Ni ban haifi wanda zai yi wa mai kuka haka ba."

"Ba ki san abin da suka shirya mini ba."

"Na sani. Kowa a kicin ya sani tun Asabar. Sai me? Ubanka shekara talatin ana shirya masa, bai mutu da yunwa ba."

Washegari da safe Don Casimiro ya zo da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula ya gaida Doña Petrona da ladabi, ya tambayi lafiyar ƙafarta. Sannan ya juyo.

"Barka, ɗan Rufino. Wallahi ban san kana da sauran wannan a jikinka ba. Mutanen Turai har tambayata suka yi shekarunka, da na faɗa suka yi dariya." Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi bango. "Wurin nan ya tsufa. Na daɗe ina so in yi wurin wanka na yara a nan. Magina za su zo ranar Litinin. Doña, ki yi haƙuri, na san kin saba, amma ga ɗanki zakara, zai sama miki wanda ya fi wannan."

"Maigida, ita ba ruwanta," in ji Eusebio. "Ni na yi."

"Wa ya ce an yi wani abu? Wasa aka yi, ka ci." Ya mayar da hularsa. "Af, wasanka na gobe ƙarfe ɗaya na rana ne, fili na biyar. Babban fili ya cika."

Ƙarfe ɗaya na ranar Alhamis ƙasa tana turiri. Abokin wasansa wani ɗan Brazil ne mai shekara ashirin da uku, wanda bai san komai game da tarin uban kowa ba. 'Yan kallo mutum tara ne, huɗu daga ciki masu gyaran fili. Gwiwar ta kumbura tun daren Talata har ba ta lanƙwasuwa. Ya ɗaga ƙwallo sama ta hagu, ɗan Brazil ya tako ya maka ta a kusurwa. Cikin minti hamsin da biyu aka gama, shida da ɗaya, shida da ɗaya. Daga inda yake zaune yana kwance igiyar takalmi yana hango mahaifiyarsa tana fito da tukwane tana jerawa a ƙofar ɗaki. Ba wanda ya sanar da komai. Wasan ƙwararru na ƙarshe da ya yi ke nan.

Doña Petrona ta koma wurin ƙanwarta, a wani bene hawa na huɗu, inda babu wurin soya komai. In ya kira ta tana ɗauka, ta ce lafiya lau, ta ce ruwa yana kan wuta. Kulob-kulob ɗin Tucumán duka suka ce ba su da gurbin koci, har waɗanda ba sa shiri da Don Casimiro. Benicio kuwa an tura shi wata makarantar tanis a Spain. Hoton kukansa ya riga shi isa can, yaran suna kwaikwayonsa a ɗakin cin abinci. Bayan wata bakwai ya dawo, aka ba shi tebur a ofishin tattara lemo. Ya yi ƙiba, kuma waɗanda suka san shi sun ce ko hanyar kulob ba ya bi.

Eusebio ya sami aiki a wani otal na masu zuwa wankan ruwan zafi a garin Termas de Río Hondo, fili ɗaya na siminti mai tsagewa, yana jefa wa tsofaffin baƙi ƙwallo a hankali yana ce musu sun iya. A nan wani tsohon abokin yawonsa, Nicanor Sosa, ya same shi bayan shekara biyu, ya kawo surukarsa jinyar ƙafa. Suka zauna a bakin filin suna shan mate.

"Alfadari, tsakaninka da Allah, me ya hau kanka ranar nan? Mota fa aka ce, da albashi. Ni da an ba ni, da kaina zan riƙa zuba masa ƙwallo a raga ina rawa."

Eusebio ya juya ƙoƙon a hannunsa.

"Ka kalli wasan?"

"Wa bai kalla ba? Na kashe a biyar da babu. Ban iya ƙarasawa ba."

"Kuskure huɗu na yi a wasan gaba ɗaya. Huɗu, Nicanor. Shekara goma sha shida ban taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba."

Nicanor ya dube shi yana jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Can wata tsohuwa mai farar hula ta shigo tana kaɗa raket, tana tambaya ko shi ne malamin, don tun ɗazu take jira kuma kuɗinta na tafiya. Eusebio ya dafa benci ya miƙe a kan ƙafar dama, ya ce mata ga shi nan zuwa, ya ɗauki kwandon ƙwallaye.